Ta Wajen Hamma

Litinin, 7 ga Maris, 1977, bayan la'asar

Malam Harisu ne ya ce in sayi littafin nan in riƙa rubuta abin da na yi kullum da Turanci, wai hannu ya saba. Na saya. Ta gaba na rubuta masa layi uku: an yi zafi, na je aiki, na dawo. Ta baya kuwa, nan inda nake yanzu, Hausata zan yi, ba mai bi na da jan biro.

Shekara tara ke nan ina malamin dabbobi a Daura. Bana gwamnatin jiha ta sa sunana, Maharazu Sada, cikin waɗanda za a tura Ingila kwas na shekara biyu. Kuɗi ya samu, kowa turawa ake yi. Sai kwalejin can ta rubuto wai takardar sakandaren da nake tinƙaho da ita ba ta ishe su shaidar ina jin Turanci ba, sai na zauna jarrabawarsu. Sau ɗaya ake yin ta a shekara, a Kano, ranar Asabar biyu ga Afrilu. Akwai rubutu, akwai sauraron kaset, sannan ka zauna gaban Bature ya yi ta yi maka tambayoyi. In na faɗi, gurbin ya zama na wani.

Ni da ban san iyakar shanun da na yi wa allura ba, ga ni ina haddar yadda ake tambayar hanyar gidan waya.

Laraba, 9 ga Maris, bayan magariba

Harisu abokina ne tun firamare, yanzu Turanci yake koyarwa. Kullum da yamma sai ya zo zaure ya harɗe ƙafa, ya matse hanci, wai shi ne Baturen. Yau ya tambaye ni 'ya'yana nawa. Na ce ɗaya, Amadu, shekararsa biyu. Ya ɗago kofen fom ɗina ya ce a nan biyu aka rubuta. Na ce ai shi ya cike layin, ba ni ba.

Ya ce, “Likitan shanu, fom ɗin nan yana gaban Baturen. Zai tambaye ka sunanta. Me za ka ce masa, kunya kake ji?”

Na ce ya wuce zuwa wata tambayar.

Harisu ɗan malaman cikin gari ne, ba zai gane ba. Mu gidanmu Fulani ne, ko da mun bar daji. 'Yar fari ba a faɗin sunanta, ba a ɗaukarta a gaban mutane, ba a tambayar lafiyarta. Balle ita da ta ci sunan marigayiya Innarmu. Ranar da aka yaye ta Hamma, yayana, ya zo daga Sandamu ya tafi da ita, don shi da matarsa Lami Allah bai ba su haihuwa ba. Shi take kira Baba, ni Baffa. Shekararta bakwai. A gidan nan in zancenta ya kama dole, ni da Kande, uwarta, “ta wajen Hamma” muke cewa.

Asabar, 12 ga Maris, da hantsi

Kande tana zuba mini koko ta ce an ce ana zazzaɓi a gidan Hamma. Ba ta ce wane ne ba. Ban tambaya ba. Mutum uku ne a gidan, kuma jiya na ga Hamma a kara yana cinikin bijimi, Lami ce kuma ta aiko da saƙon.

Litinin, 14 ga Maris, da rana

Rikodar ofis ta cinye kaset ɗin sauraro. Da biro na naɗe shi. Mutumin ciki yanzu magana yake kamar mai mura.

Laraba, 16 ga Maris, bayan azahar

Na sayi ƙwayar zazzaɓi a kyamis, na ba Mati direban motar Sandamu, na ce ya kai gidan Hamma ko wani zai buƙata. Da na dawo na tarar Kande ta riga ta ba shi lemo da tsamiya tun da safe, ita ma ta ce ko wani zai so. Ba mu yi zancen ba.

Na haddace kalmomi arba'in. Da Harisu ya tambaye ni, goma sha ɗaya suka rage.

Juma'a, 18 ga Maris

Ba labari.

Lahadi, 20 ga Maris, bayan la'asar

Na je Sandamu. Na ce wa Kande maruƙan Hamma zan duba, lokacin allurarsu ya yi. Bai yi ba, sai watan gobe. Ta dube ni, ta shiga ɗaki ta fito da wani sabon kallabi ta tura cikin jakar magungunana.

Maruƙan lafiyarsu ƙalau. Na buɗe bakin kowanne, na duba ido, na duba kofato, na ja aikin minti goma ya kai awa guda. Hamma yana tsaye yana ba ni labarin tsadar dusa. Sai da Yaya Lami ta leƙo ta ce in shigo in sha ruwa sannan na samu hanyar shiga cikin gida.

Yarinyar tana kwance a rumfa kan tabarma, an lulluɓe ta da zanen Lami a wannan zafin. Ta rame ƙwarai. Leɓenta ya bushe ya tsattsage, idanun sun faɗa. Da ta gan ni ta yunƙura za ta durƙusa, ta ce, “Baffa, sannu da zuwa.” Na amsa ina kallon randa. Na ce wa Lami ya mai jiki, ta ce da sauƙi. Na ajiye kallabin a gefen tabarma kamar mantawa na yi.

Wallahi da maraƙi na gani a wannan halin da ban bar shi ya kwana a garken ba.

A ƙofar gida na ce wa Hamma zazzaɓin bana ba shi da kyau, mutane suna ta kai yara asibitin Daura. Ya ce haka ya ji. Ya ce ana ba ta rubutu da jiƙo, ga ƙwayar da na aiko, jiya ma ta sha kunu. Ya ce asibiti sai su raba ta da Lami su kwantar da ita cikin baƙi, ita kuwa ba ta barci sai a jikin Lami. Idonsa ya yi ja. Hamma yana son yarinyar nan fiye da ransa, kowa ya sani. In na ce ya ba ni ita in tafi da ita, na ce masa bai iya riƙo ba ke nan, na kuma tuna masa ba shi ya haifa ba. Shi ya sayar da saniyarsa ya kai ni makaranta bayan rasuwar Babanmu.

Na ce Allah ya ƙara sauƙi. Na hau babur, bayana ba kowa sai jakar magani.

Litinin, 21 ga Maris, bayan magariba

Mun yi faɗa da Harisu. Na ba shi labarin jiya, ban san me ya kai ni ba. Ya rufe littafi ya ce shi da idonsa ya ga na ɗauro ɗan maraƙin wani Bafulatani a bayan babur tun daga Zango, amma 'yar cikina na bar ta a rumfa. Na ce ya iya bakinsa. Ya ce kunyar da za ta kai mutum kabari ba kunya ba ce. Na ce shi da ba shi da ko mata me ya sani? Ya ɗauki kekensa ya tafi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Kande tana bayan ƙofa, ta ji duka.

Talata, 22 ga Maris

Harisu bai zo ba. Na zauna ni kaɗai a zaure ina yi wa kaina tambaya ina amsawa.

Alhamis, 24 ga Maris, da yamma

Alhamdu lillahi. Mati ya ce ya gan ta zaune a ƙofar gida da sabon kallabi, tana cin gyaɗa. Kande ta yi dambu yau, har da waƙa a madafa. Harisu ya dawo kamar ba a yi komai ba, ya matse hanci, na ba shi labarin ciwon bushiya na shanu da Turanci tiryan-tiryan har ya tafa mini. Ya ce in na yi haka a Kano jirgi ya tashi da ni.

Ka gani? Da na yi gaggawa da na ɓata da ɗan'uwana a banza.

Litinin, 28 ga Maris, bayan azahar

Zazzaɓin ya dawo. An ce tun Asabar ba ta ci komai ba, tana ta surutai.

Kande ta fasa kwanon sha. Ta tsaya tana kallon fasassun, ta ce hannunta ne da santsi.

Talata, 29 ga Maris, bayan asuba

Saura kwana huɗu jarrabawa. Ina buɗe littafi ina ganin rumfa.

Laraba, 30 ga Maris, da yamma, a ofis

Takarda huɗu na rubuta wa Hamma, uku na yaga. Ta farko na ce ina zuwa gobe in ɗauke ta. Ta biyu na ce ina roƙonsa don Allah. Wadda na ba Mati cewa kawai na yi akwai wani malamin asibiti mutumina ne, na yi masa magana, in akwai mai buƙata.

Amsa ta zo da la'asar. Hamma ya ce ya gode, shi ma ya fara tunanin haka. Akwai wani magani da aka fara jiya na kwana uku, in an gama ba a ga sauƙi ba, Asabar da sassafe zai kawo ta da kansa.

Asabar.

Alhamis, 31 ga Maris, bayan magariba

Na ce wa Kande ina jin zan fasa Kano. Tana ninke mini kaya, ba ta ɗago ba. Ta ce in na zauna me zan yi, zuwa zan yi in ƙwato ta? Ta ce to in tafi, kada a yi asara biyu. Sai ta kama bakinta, ta ce astagfirullah, ba haka take nufi ba. Ta fita ta bar wandona a ƙasa.

Ina jin tsoro. Ba na jarrabawa ba.

Juma'a, 1 ga Afrilu, Kano, bayan la'asar

Motar Kano ta Sandamu take bi. Direba ya tsaya a can ɗaukar buhunan gyaɗa, ya fi minti ashirin. Daga inda nake zaune ina hango kan ɗorawar da ke bayan gidan Hamma. Tafiyar minti biyar ce a ƙafa. Na sa hannu a murfin mota. Sai na tuna kwana goma sha biyu ke nan da na zo, in na sake zuwa yau mutanen unguwa za su ce Maharazu ya kasa haƙuri, yana sintiri a kan 'yar fari. Maruƙan kuma na riga na duba su.

Na sayi rake na sisi don a ga dalilin da ya sa na leƙa.

Asabar, 2 ga Afrilu, Kano, bayan azahar

An gama.

Mu talatin da wani abu ne. Rubutun bai ba ni wuya ba. Kaset ɗin wani mutum ne yake neman ɗakin haya, na kama rabi na canki rabi. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka kira ni ɗakin tambayoyi.

Ba Bature ba ne, wata dattijuwar Baturiya ce mai furfura, da tabarau a rataye a wuya. Ta tambaye ni aikina, na zuba mata ciwon bushiya yadda na haddace. Ta katse ni a tsakiya, na ga alama ta gane hadda ce. Ta duba fom ta ce ta ga ina da 'ya'ya biyu, babbar mace ce. Ta ce yaya sunanta?

Amsar da muka shirya da Harisu ita ce in ce al'adarmu ta hana, in yi bayanin al'adar, wai ma zai burge su. Na buɗe baki in faɗi haka. Sunan ne ya fito.

Ban taɓa jin sa da muryata ba. Ba abin da ya faru, fanka tana ta juyawa. Matar ta ce suna mai daɗi, in ba ta labarinta.

Ban san ina da labarin ba sai da na fara. Na ce tana da wushirya irin ta uwata. Na ce da hagu take cin abinci, an yi dukan an gaji. Na ce tana tsoron talo-talo amma ba ta tsoron bijimi, na taɓa ganin ta ta ja wani babban sa da igiya tana yi masa faɗa. Na ce ranar sallar bara ta tsaya kusa da baburina tana duba fuskarta a madubi, na yi kamar ina ɗaure takalmi don kada ta gudu, na ɗaure na kwance har sau uku. Na ce ban taɓa ɗaukarta ba sai sau ɗaya, tana da kwana tara, ba kowa a ɗakin. Inda kalma ta ƙare mini na yi da hannu. Na ce ba ta da lafiya, yau za a kai ta asibiti. Na ce ina son ta. Da Turanci abin bai yi nauyi a baki ba, kamar wani ne yake faɗa.

Minti goma ake ba kowa. Da na fito na ga na yi ashirin da biyar. Matar ta rako ni har ƙofa, ta ce in gaishe ta.

Motar Daura ta cika kafin in isa tasha. Sai gobe. Amma raina ya yi sanyi, ban san dalili ba. Na saya mata awarwaro a kasuwa, zan ba Lami in ce tsintuwa na yi.

Lahadi, 3 ga Afrilu

Yau na sauka a Sandamu. Tun daga bakin titi na hango tabarmi a ƙofar gida.

Litinin, 4 ga Afrilu, bayan azahar

Ba su kai ga shiga mota ba. Hamma ya saɓo ta a kafaɗa ranar Asabar da sassafe, kafin su kai titi ya ji ta yi nauyi. Da hantsi aka kai ta. Na tambayi liman lokacin, ya ce rana ta ɗaga sosai, wajen sha ɗaya.

Hamma ake yi wa gaisuwa, shi ne uba. Ni ma layi na bi na durƙusa na ce, “Hamma, ya haƙuri?” Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce, “Maharazu, amanar da ka ba ni,” sai muryar ta tsaya. Na ce Allah ne ya ba shi, Allah ne ya karɓa. Na koma gefe ina miƙa wa baƙi buta.

Wani tsoho ya nuna ni ya ce wa na kusa da shi haka ake son ɗan Fulani, dubi ko idonsa bai yi ja ba. Da ba a zaman makoki muke ba da na gaya masa maganar da ba zai manta ba.

Kande tana ciki tana daka tare da mata. Lami ce take kuka, ita ake rarrashi.

Alhamis, 7 ga Afrilu

Awarwaron yana aljihun rigata.

Lahadi, 10 ga Afrilu, da yamma

Mun dawo Daura. Harisu ya zo, ya zauna har magariba, bai ce ai na gaya maka ba. Da ya faɗa da na fi jin daɗi.

Laraba, 20 ga Afrilu, da hantsi

Na je allurar maruƙan Hamma. Yanzu lokacinsu ya yi.

Ba na jin haushin Hamma. Na nema a raina ban samu ba. Wanda nake jin haushi yana hawa baburina kullum.

Asabar, 30 ga Afrilu

Gaban littafin nan, wajen Turancin, ya tsaya a ɗaya ga wata. An yi zafi, na tafi Kano.

Litinin, 9 ga Mayu, bayan azahar

Takarda ta zo ta ofis. Na ci. Sauraro da ƙyar na haye, rubutu ba laifi, magana kuwa maki mafi girma aka ba ni. A ƙasa an rubuta da hannu cewa ɗalibin yana magana a sake, ba hadda, musamman a kan iyalinsa. Kwalejin ta karɓi sakamakon, in shirya tafiya watan Satumba.

Mutanen ofis suka yi ta ba ni hannu. Akawu ya kawo sabon fom na fasfo da alawus ɗin iyali, ya ce in cike kafin Juma'a. Akwai layin yawan 'ya'ya. Na sa shi a aljihun tebur.

Alhamis, 12 ga Mayu, bayan la'asar

Jiya aka yi sadakar arba'in. Kande ta dawo daga Sandamu yau da rana, da kallabin nan a ƙulle a bakin zaninta.

Ina zaune a tsakar gida ta zo ta zauna a bakin tabarmata, abin da ba ta saba ba. Ta ce Lami ta gaya mata wata magana. Ashe yarinyar ta san ko su wane ne mu tun bara, yaran unguwa suka faɗa mata. Ba ta taɓa nunawa ba, ita ma kunya take yi. Ranar da na je duba maruƙa, bayan na tafi, ta tambayi Lami wai Baffa na Daura ya san sunanta kuwa.

Na kasa ɗaga kai.

Can Kande ta ce Harisu ya gaya wa ƙanwarsa, ƙanwar ta gaya mata, wai labarin iyalina na bayar a Kano har aka ba ni maki. Ta ce, “Malam, me ka gaya wa matar?”

Na fara da Hausa. Na ce na gaya mata ta wajen Hamma tana da, sai harshena ya ƙi. Na sake gwadawa, ya ƙi.

Ta ce, “To faɗa da Turancin.”

Na ce ai ba za ta ji ba.

Ta ce, “Sunan dai zan ji.”

Na faɗa mata duka, tun daga wushirya har madubin babur, har kwana tara. Kande ko harafi ɗaya na Turanci ba ta sani ba. Ta zauna da kallabin a cinya tana kallon bakina, tana jira. Duk inda sunan ya fito sai ta rufe ido, leɓenta ya motsa. Da na gama ta ce in sake daga farko. Na sake.

Ban taɓa rubuta shi ba, ko a fom. Ga shi nan.

Rahmatu. Rahmatu Maharazu. Na san shi, 'yata. Tun ranar suna na san shi.